Cimar Mutanen Zamanin Dutse: Ko Za Mu Bar Gero Da Nono Don Neman Lafiya?

 Mas'alar da za mu duba a wannan mako ta shafi akushi da ƙwarya ne, ga kuma abin da ya jawo ta.

Da Babbar Sallar da ta wuce, wani ɗan ƙanena da ke aikin ofis a Abuja ya zo gida Alelu, cikin ƙasar Jega. Na san shi da ƙiba har da teɓa, sai ga shi ya zube, jikinsa ya yi ƙwari, yana tafiya kamar saurayi. Aka kawo masa fura da nono, ya ce a gafarce shi. Da dare aka kawo tuwon dawa miyar kuka, ya shanye miyar, ya cinye naman, ya mai da tuwon yadda aka kawo shi. Na ce, "Ɗana, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, Baffa. Wata bakwai ke nan rabona da hatsi da wake da nono da sukari. Wani tsarin Turawa nake bi, ana ce da shi Faliyo, ga shi kuwa kun ga amfaninsa a jikina. Ina so Baba ma ya bi shi saboda ciwon sukarin nan da ke damunsa. Ku ne zai ji maganarku."

To, magana ta zama babba, domin ran ɗan'uwa ne a ciki. Na ce ya ba ni lokaci in bincika, tun da ba a yanke hukunci kan abin da ba a san haƙiƙaninsa ba. Abin da na samo shi ne nake so in bayyana, domin na lura samari da yawa masu ilmin zamani sun fara karkata ga wannan tsari.

ASALIN TSARIN

Kalmar Faliyo guntuwa ce daga sunan da masu tonon kufai suka ba tsohon zamanin da 'yan Adam ke aiki da makaman dutse, kafin a fara noma da kiwo, watau fiye da shekara 10,000 da suka wuce bisa ga ƙiyasinsu. Wani likita Ba'amurke mai suna Walter Voegtlin ya wallafa littafi a kan cimar wancan zamani cikin 1975. Cikin 1985 waɗansu masana biyu, Boyd Eaton da Melvin Konner, suka buga maƙala a wata babbar mujallar likitoci ta Amurka, suka ƙarfafa zancen. Sa'an nan Loren Cordain ya fitar da littafinsa cikin 2002, wanda shi ne ya watsa tsarin a duniya.

Hujjarsu ita ce, jikin ɗan Adam ya saba da cimar farauta da tsince-tsincen daji, bai riga ya saba da abin da noma da masana'antu suka kawo ba, don haka ne ƙiba da ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya suka yawaita. Saboda haka suka ce a ci nama da kifi da ƙwai da ganye da 'ya'yan itatuwa, a bar hatsi kowane iri, a bar wake da gyaɗa, a bar nono da man shanu, a bar sukari da gishirin da ake barbaɗawa da duk abincin gwangwani da na leda. In muka bi ƙiyasin nan zuwa ƙarshensa a ƙasarmu, tuwo da fura da koko da dambu da ƙosai da ƙuli-ƙuli duk sun fita, har daddawa ma ba ta tsira ba, domin kalwa 'yar'uwar wake ce.

INDA SUKA YI DAIDAI

Adalci ya wajabta mu fara da abin da suka dace a cikinsa. Wannan lura ba sabuwa ba ce ga wanda ya karanta littattafan Larabci. Ibnu Khaldun, wanda aka haifa a Tunis cikin 1332 ya rasu a Alƙahira cikin 1406, ya kawo a cikin Muƙaddimarsa cewa mazauna hamada masu ƙarancin hatsi, irin su Sanhaja ma'abota amawali, sun fi mazauna wuraren ni'ima lafiyar jiki da kaifin hankali. A babin da ya yi kan sana'ar likitanci kuma, ya danganta yawan cututtukan birni ga yawan ci, da cakuɗa abinci iri-iri, da gurɓataccen iska, da rashin motsa jiki.

Binciken zamani a ƙasarmu ya nuna irin wannan bambanci. Dokta Anas Sabir da abokan aikinsa na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun auna Fulanin da ke zaune cikin birnin Sakkwato, suka tarar kusan mutum 5 cikin 100 na da ciwon sukari, aka buga sakamakon cikin 2011. Da suka auna Fulanin karkara, suka tarar bai kai mutum 1 cikin 100 ba, aka buga wannan cikin 2013. Jinsi ɗaya ne, ƙasa ɗaya, amma zama da cima sun bambanta.

Har wa yau, sun yi gaskiya game da sukari da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cikin 2015 cewa sukarin da baligi zai sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, watau ƙaramin cokalin shayi 12, in ya yi rabin haka ma ya fi. Kwalba guda ta lemo mai rabin lita tana iya cinye wannan ƙima ita kaɗai. Gishiri kuwa kada ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali guda, alhali ɗunƙulen ɗanɗanon da matanmu ke jefawa cikin miya uku-uku, huɗu-huɗu, kusan rabinsa gishiri ne. Duk wanda ya bar lemon kwalba da biskit da burodi da shayi mai kauri, lalle jikinsa zai sauka, kuma galibin abin da ya faru ga ɗan ƙanen nan nawa ke nan.

INDA HUJJARSU TA YI RAUNI

Na farko, da'awar cewa mutanen farko ba su ci hatsi ba, su kansu masu tonon kufai sun raunana ta. A wani kufai da ake kira Ohalo, a gaɓar tafkin Ɗabariyya, an sami dutsen niƙa da burbushin sha'ir na daji a kansa, wanda aka ƙiyasta shekarunsa 23,000. Cikin 2009 kuma wani masani mai suna Julio Mercader ya ba da rahoton samun burbushin dawar daji a jikin makaman dutse cikin wani kogo a ƙasar Mozambik, waɗanda aka ƙiyasta sun haura shekara 100,000. Ashe dangin dawar da aka mayar a akushi a Alelu ta riga noma shiga cikin mutane.

Na biyu, babu wata cima guda ɗaya da za a ce ita ce ta mutanen farko, kowace al'umma abin da ƙasarta ta ba ta take ci. Kabilar Hadza ta Tanzaniya, waɗanda waɗansunsu ke rayuwa da farauta da tsince-tsince, babban abincinsu saiwoyin daji ne da zuma da 'ya'yan kuka, irin kukar da ke bayan gidajenmu, nama kuwa sai ranar da aka dace. Cikin 2017 aka buga binciken da aka yi wa mutum 705 na kabilar Tsimane a ƙasar Bolibiya, aka tarar jijiyoyin zuciyarsu sun fi na kowace al'umma da aka taɓa aunawa tsabta, alhali fiye da kashi 70 cikin 100 na ƙarfin cimarsu daga ayaba da rogo da shinkafa da masara da makamantansu yake fitowa. Abin da ya haɗa su da Hadza shi ne yini suke a tsaye suna aiki, kuma abincinsu bai bi ta masana'anta ba.

Na uku, mutanen hamadar nan da Ibnu Khaldun ya yaba, nono ne rabin cimarsu, abin da 'yan Faliyo suka hana. Fulanin karkarar Sakkwato da ciwon sukari ya yi ƙaranci cikinsu, kowa ya san fura da nono da tuwo ne abincinsu. Gero kuwa ɗan ƙasa ne, a yankin Sahel aka fara nomansa, an sami shaidarsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun kimanin shekara 4,500. Wake ma a Afirka ta Yamma aka daɗe da nomansa. Da gero da nono ne ke kawo wannan ciwo, da ya gama da kakanninmu tun tuni.

Na huɗu, da aka gwada tsarin na tsawon lokaci, fifikonsa bai ɗore ba. A Jami'ar Umea ta ƙasar Suwidin an raba mata 70 masu ƙiba kashi biyu, kashi ɗaya suka bi Faliyo, ɗayan suka bi shawarar cima ta hukumomin lafiyar ƙasashensu. Bayan wata 6 'yan Faliyo sun fi zubar da kitse, amma da aka cika shekara 2 ratar ta rufe, an buga wannan cikin 2014. An kuma lura sinadarin aidin ya ragu a jikin 'yan Faliyon. Ƙarancin aidin kuwa shi ke kawo maƙoƙo, kuma don maganinsa ne Nijeriya ta wajabta sa shi cikin gishiri tun 1993. Mai barin nono shi ma sai ya nemi abin da zai maye masa sinadarin ƙarfafa ƙashi.

Na biyar, akwai maganar aljihu. Magidanci mai iyali goma a Maiyama, wanda rumbunsa ke cike da gero da dawa, in aka ce ya ciyar da su nama da kifi da ƙwai safe da dare, an ɗora masa abin da ba zai iya ba. Wake shi ne naman talaka, in an raba shi da shi, me aka bar masa?

ABIN DA YA SAKE A ƘASARMU

Mu da muka haura hamsin mun ga canjin da idonmu. Muna yara, gero a turmi ake surfa shi, a niƙa a dutse, a dama fura da tsamin nono ba tare da sukari ba. Shinkafa sai da Salla ko biki, ita ma 'yar gida ce mai sauran ja a jikinta. Yaro in ya fita, aljihunsa cike da kanya da ɗinya da magarya da goruba. Zuwa kasuwar Jega a ƙasa ne ko bisa jaki. Yau babur ke kai mutum masallacin unguwa, karin kumallo burodi ne da shayi, da rana taliya, da dare farar shinkafa wadda inji ya goge ƙal. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rancen noman shinkafa a Jihar Kebbi cikin Nuwamba 2015, nomanta ya bunƙasa, wannan kuwa alheri ne ga manomi. Sai dai a sani gogewar da ke sa ta fari ita ke raba ta da dusarta, dusar nan kuwa tana cikin abin da ke rage saurin hawan sukari cikin jini.

Ban ce zamanin da aljanna ba ne. Dattawa ba su manta da yunwar 1973 ba, kuma tamowa ta kashe yara da yawa, har yanzu ma ba ta rabu da mu ba. Abin nufi shi ne, mai neman tsira daga cututtukan ƙoshi ba ya bukatar komawa shekara 10,000 baya, akushin kakarsa ya ishe shi madubi.

SHAWARA

Ga abin da na gaya wa ɗan ƙanena, shi ne kuma nake gaya wa mai karatu. A ɗauki rabin tsarin nan mai kyau: a bar lemon kwalba, a rage sukari cikin fura da koko da shayi, a rage fulawa da taliya da soye-soye, a mai da daddawa gurbin ɗunƙule. A yawaita zogale da rama da yakuwa da kuɓewa da kuka, ga albasar Aliero a ƙofar gida, ga tarwaɗa da karfasa daga gulbi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ganye da 'ya'yan itace su kai giram 400 a yini. Amma a riƙe gero da dawa da maiwa da wake da nono, kada a tsananta surfe, a rage malmala a ƙara miya. Kuma a yi tafiya a ƙasa ko aikin gona, aƙalla rabin sa'a kowace rana.

Game da mahaifinsa kuwa, na ja masa kunne ƙwarai. Mai ciwon sukari da ke shan ƙwaya ko yin allurar insulin, in ya yanke hatsi farat ɗaya ba tare da an rage masa magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma, wani lokaci ma a rasa shi. Wanda ciwon ya taɓa masa ƙoda kuma, yawan nama na iya ƙara masa wahala. Fura da tuwo su ma suna ɗaga sukari in an cika ciki da su, saboda haka awo ake bukata, kuma likitan da ke duba shi ne zai faɗi gwargwado. Barin wani abinci na halal don lalurar jiki babu laifi a cikinsa, abin da ba ya kyautuwa shi ne a mai da ni'imar da ta rayar da al'umma abin ƙyama kan hujjar da ba ta tabbata ba.

Kafin ya koma Abuja, mun raka mahaifinsa asibiti aka auna shi, aka tsara masa awon tuwo, aka hana shi shayin dare mai sukari. Ranar da zai tafi kuwa, aka dama fura da kindirmo ba a sa sukari ba, ya karɓi ludayi ya sha rabin ƙwarya, ya ce sauran a ajiye masa sai ya dawo.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka cikin abin da muke nomawa, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.