Ko Kun Sani?

Gwajin jinin da ake gane sikila da shi ya samo asali tun 1949, lokacin da Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka ratsa jini da lantarki, sinadarin da ke ba shi launin ja yana tafiya dabam a jinin mai sikila.

Shekaru da dama aikin sai a babban ɗakin gwaji. Masu bincike a Jami'ar Case Western Reserve ta Amurka suka ƙanƙanta shi ya zama HemeChip, kuma a Kano aka jarraba shi: a Asibitin Malam Aminu Kano, da na Murtala, da na yara na Hasiya Bayero. Daga nan aka samu na'urar Gazelle mai aiki da batir. A soki ɗan yatsa, a sa ɗigon jini kan 'yar takarda mai laima, cikin minti 8 a ga ko AA ne, ko AS, ko SS.

Tun 2024 dokar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure. Ya kamata irin wannan na'ura ta kai asibitocin ƙauyukan Gaya da Ajingi, inda wutar lantarki ba tabbas.