Kafin Kare Ya Kai Cizo

A layinmu akwai wani baƙin kare da yara ke kira Duna. Idan ka tambayi mai shi, kowa sai ya nuna maka gidan maƙwabcinsa. Mai shayi kan jefa masa guntun burodi, mahauci kan bar masa ƙashi, da daddare kuma shi ke gadin layin baki ɗaya. Ranar da ya kafa wa wani almajiri haƙori a ƙwauri, aka taru ana tambayar ko an taɓa yi masa allura, sai wuri ya yi tsit. Shekara huɗu yana cikinmu muna barci da haushinsa, amma babu wanda abin ya taɓa faɗo wa a rai.

Abin da ya tayar mana da hankali a ranar shi ne ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar tana zaune ne a cikin yawun dabbar da ta kamu. Idan ta shiga jikin mutum ta hanyar cizo ko yakushi, jijiya take bi sannu a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa take yaudarar mutane. Galibi sai an yi wata biyu zuwa uku kafin alama ta fito, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Kafin nan rauni ya warke, an manta da zancen. Sai zazzaɓi ya zo, tabon ya fara zugi ko ƙaiƙayi, daga nan maras lafiya ya riƙa firgita, ya ga ruwa yana so ya sha amma maƙogwaro ya shaƙe. A wannan gaɓar gida kan ce aljanu ne, a nufi wajen mai magani. Gaskiyar ita ce da zarar alamun nan sun bayyana, da wuya ƙwarai a tashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunta, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalili a fili yake. Yaro ne ke tsokanar kare, shi ne gajere da cizo kan same shi a fuska ko wuya, inda tafiyar ƙwayar zuwa ƙwaƙwalwa ba ta da nisa. Shi ne kuma zai ɓoye raunin don tsoron duka.

To idan an yi cizon, me za a yi? Abu na farko ba ya cin ko sisi: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana cuɗawa, har minti 15. A duba agogo, domin minti 15 a bakin famfo ya fi yadda mutum ke zato tsawo. Kada a tsigo gashin karen a ƙona a barbaɗa, kamar yadda wasu ke yi, kada a zuba barkono ko toka, kada kuma a ɗaure wurin tamau. Daga nan sai asibiti, a ranar, ba gobe ba. Allurar rigakafin da ake yi wa mutum ba guda ɗaya ba ce. Ana farawa a ranar farko, a koma rana ta uku, a koma ta bakwai, sannan likita ya faɗi abin da ya rage. Idan raunin mai zurfi ne akwai wani maganin da ake tsirawa a kewayensa. Inda mutanenmu suka fi faɗuwa shi ne a karɓi ta farko, a ga ciwo ya bushe, a ji nauyin kuɗi, a ce Allah ya kiyaye gaba. Rabin rigakafi ba abin dogaro ba ne.

Shi kuma karen, bisa al'ada sai samari su bi shi da gora da duwatsu. In ana iya killace shi ba tare da ya sake cizon wani ba, hakan ya fi. Karen da ke ɗauke da cutar a yawunsa lokacin da ya yi cizo, ba ya wuce kwana goma bai nuna alama ko ya mutu ba. Amma fa ba jiran kwana goman za a yi kafin a fara allura ba. A fara, ana lura da shi. In kuwa an riga an kashe shi, kada a feɗe, a kira likitan dabbobi, domin a ƙwaƙwalwarsa ake gwaji.

Akwai wani abu da mafarauta da makiyaya ya kamata su riƙe. Ba kowane mahaukacin kare ne ke gudu yana dalalar da yawu yana kai cizo ba. Wani lafewa yake yi a lungu, muƙamuƙinsa ya saki, ya riƙa kakari kamar ƙashi ya maƙale masa. Mai shi, don tausayi, sai ya zura hannu a bakinsa zai ciro ƙashin da babu shi. Kyanwa ma tana kamuwa, haka jaki da saniya da akuya.

Maganin abin tun daga tushe tsoho ne. A 1885 Louis Pasteur na Faransa ya gwada allurarsa a kan wani yaro ɗan shekara tara, Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya ciza, yaron kuma ya rayu. Ranar da Pasteur ya rasu, 28 ga Satumba, ita aka mayar ranar yaƙi da cutar a duniya. A nan gida, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda ta faro tun 1924, tana haɗa rigakafin karnuka. Ana yi wa ɗan kwikwiyo yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari, cutar kan rasa hanyar yaɗuwa. An gwada haka a birnin Njamena na Chadi a 2012 da 2013, aka kuwa ga ta ja baya sosai. Meziko ma ta wannan hanya ta bi har aka tabbatar a 2019 cewa ta rabu da cutar da kare ke sa wa mutum.

Sai dai mafi yawan cizo ba na hauka ba ne, na tarbiyya ne. Mutum zai sayo kwikwiyo don gadi, ya ɗaure shi da sarƙa a rana, ya bar shi da yunwa, wani har barkono yake zuba masa a abinci wai don ya yi zafin rai. Abin da zai samu shi ne dabba mai tsoro, wadda ba ta bambance ɓarawo da ɗan maƙwabci da ya shigo ɗaukar ƙwallo. Watanni ukun farko su ne lokacin da kwikwiyo ke koyon waye nasa. A bar shi ya saba da mutanen gida, da kaji da awaki, da ƙarar babur. In ana koya masa zama ko zuwa idan an kira, kalma ɗaya za a riƙe, kuma ladan ɗan nama ya biyo baya nan take. Dukan da aka yi masa da yamma saboda takalmin da ya tauna da safe, bai san na mene ne ba. Abin da ya koya kawai shi ne hannun mutum abin tsoro ne.

Kare kuma galibi ba ya cizo bai yi gargaɗi ba. Zai sandare, ya kwantar da kunne, ya yage leɓe, ya yi gurnani. Wanda ke dukan kare don ya yi gurnani yana koya masa ya daina sallama ne kafin ya shigo. Yara su san kada su taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya mai jego. In baƙon kare ya tunkaro, a tsaya cak, a kau da ido, kada a sheƙa da gudu.

Na san wani zai ce mu da kare sai dai daga nesa. To, ƙyamar ba ta hana shi kwana a ƙofar gidajenmu ba, asibiti kawai ta hana a kai shi. Addini ya yarda da karen farauta da na kiwo da na gona, kuma kowane ɗan makarantar allo ya ji labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare, da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha.

Ita kyanwa ta fi samun shiga, har kan gado, amma soyayyar tamu kan cuce ta. Farasitamol ɗin da muke sha guba ne gare ta, ƙwaya guda na iya kashe ta. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa da kare, don haka ragowar miya ba kullum ne alheri ba. Madara kan sa babbar kyanwa zawo. Ɓeran da ya ci guba, in ta cinye shi, ita ma ta ci. Kaska da ƙuma da tsutsar ciki duk suna da magani a wurin likitan dabbobi. Baƙin mai da maganin feshin gona da ake shafa wa dabba ƙona fata suke yi, ta lasa kuma ta mutu. Yakushin kyanwa ma a wanke shi da sabulu kamar cizo, a nuna wa likita.

Almajirin nan, karo-karo muka yi a masallaci har ya kammala allurarsa. Duna ya yi kwana gomansa a wani kango yana cin tuwo lafiya lau. A rana ta goma sha ɗaya aka yi ta fama kafin a samu mai Keke Napep da zai yarda ya ɗauke shi zuwa asibitin dabbobi. Da ma'aikacin ya tambayi sunan mai kare don ya rubuta a kati, sai muka kalli juna. Mai shayi ya ce, "Ranka ya daɗe, rubuta nawa." Katin yana nan cikin gwangwanin da yake ajiye canji.