Magudanar gona da tarwaɗar rafi

Idan ruwan Agusta ya kwanta a gonar dawa ko masara a Dugabau ta Kabo, ba abin da manomi ke so sai ya ga bayansa. Sai ya ɗauki magirbi ya tsaga magudana miƙe sambal zuwa kwari. Ba laifinsa ba ne: saiwar masara ba ta jure kwanciyar ruwa. To amma ruwan bai ɓace ba, rafi ya nufa. Rafukan Kabo da Gwarzo, irin su Guzuguzu da Magaga, inda aka yi madatsu, Challawa suke faɗawa, ita kuma ta haɗu da Kogin Kano su zama Kogin Haɗejiya.

Magudana miƙaƙƙiya mai gangare tana ƙara wa ruwa gudu, ruwa mai gudu kuwa yashi yake kwasa. Can ƙasa, inda ya lafa, sai ya juye kayansa a gurbi, wato ramin nan mai zurfi da kifi ke fakewa da rani. Gurbi ya cike, ruwa ya yi zafi, ya ƙafe da wuri. Gaiwa ba ruwanta, ta shige laka ta jira damina. Ƙarfasa ce ke shan wuya.

Ita tarwaɗa, matsalarta hanya ce. Da ruwa ya sauka takan haura da dare zuwa fadamar da ta cika, ta zuba ƙwai masu manne wa ciyawa, su ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Sai dai 'ya'yan na bukatar ruwan ya daɗe a wajen. Magudanar da ta tsane fadama dare ɗaya ta kashe su, kwalbatin da ruwa ya ci ƙasan bakinsa har ya zama tsalle kuma ya tare iyayen. Masunta sukan ɗora laifin ƙarancin kifi a kan madatsar Challawa ta 1992 da maganin feshi, kuma ba su yi ƙarya ba, amma ba kasafai ake waiwayar magirbi ba.

A jihar Ohio ta Amurka an gwada magudana mai hawa biyu: siririyar hanya a tsakiya, sai dandamali mai ciyawa a gefe da gefe, wanda ke karɓar ambaliya yana tace laka. Ba sai da siminti ba. A nan ciyawar jema za ta yi wannan aiki, tunda saiwarta na riƙe gaɓa. Abin da zai hana shi ne faɗi, domin taku biyu ko uku na gona za ta ci, gonakin gado kuwa sun riga sun tsuke.