Laƙabin Kamfani a Kasuwar Hannun Jari

Masana'antar siminti ta Kalambaina da ke Sakkwato tana ƙarƙashin kamfanin da kasuwar hannun jari ta Legas (NGX) ta sani da gajeren suna: BUACEMENT. Da can CCNN ne laƙabin, kafin haɗewar kamfanoni da ta haifi BUA Cement, wanda ya shiga kasuwar a Janairun 2020.

Idan zai ambaci irin wannan laƙabin, mai rubutu a Wikipedia ta Hausa sai ya fara da sunan kasuwa, laƙabin ya biyo da manyan baƙaƙe, wato NGX: BUACEMENT. Ya sa mahaɗa a kan NGX, domin laƙabi ɗaya kan zama na wani kamfanin daban a wata kasuwar. Tsohon laƙabi kuwa, a faɗa a fili cewa ya daina aiki. Ɗalibin da ke karatu a waya ya cancanci a yi masa bayani dalla-dalla.