Gyara ko Sabuntawa: Ra'ayoyin Jama'a Game da Kayan Tarihin Ƙasar Katsina

A Hausa, "gyara" daban, "sabuntawa" daban. Wanda ya gyara soro ya bar shi da ƙasarsa da azararsa, sai dai ya toshe tsaga ya sake yaɓe. Wanda ya sabunta shi kuwa yana iya rushe shi ya tā da wani a gurbinsa, suna kaɗai ya rage. A kan wannan bambanci ne mafi yawan muhawarar da ake yi game da wuraren tarihin ƙasar Katsina ta ta'allaƙa, ko da masu yin ta ba su faɗe shi da baki ba.

Hasumiyar Gobarau ita ce misali na kusa. Ginin ƙasa ce mai tsawon kimanin ƙafa 50, wadda ruwayoyi suka danganta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Wasu suna ganin a lulluɓe irin waɗannan gine-gine da siminti a huta da ɗawainiyar kowace damina, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce, domin sun ga yadda ruwa da masu neman fili suka cinye ganuwar birni. Amma magina sun san abin da siminti yake yi wa ginin ƙasa: yana kulle laima a ciki, tubali ya ruɓe a ɓoye, wata rana bangon ya zube gaba ɗaya. Yaɓen gargajiya, watau makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa da kuma laso da ake haɗawa da katsin marina, yana barin bango ya sha iska. Aibinsa ɗaya ne, yana bukatar hannu a kai a kai. Mutanen Jenne a ƙasar Mali sun mai da wannan ɗawainiya biki, inda gari yake fita kowace shekara a yaɓe babban masallaci. A nan kuwa, tun da aka ce aikin na Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ne, wadda aka kafa a 1979, sai unguwa ta naɗe hannu.

Gidan tarihin Katsina yana cikin tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu kafin a mai da makarantar Kaduna a 1938. Babu mai jayayya a kan darajar wannan gini.

Inda ra'ayi ya fi rabuwa shi ne Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani. Palmer ya fara tona wurin a 1907, sa'an nan aka sake tonawa a 1992, aka sami 'yan kunne na zinariya da tasoshin tagulla da warwaron hauren giwa da wuri. Daga baya aka kai kayan birnin Mainz na Jamus, wani gidan tarihi da ya shahara wajen adana kayan Rumawa, aka gyara su. Masana suna murna, domin kayan sun tabbatar da cewa ƙasar Hausa tana cikin kasuwancin Sahara tun ƙarnoni da dama kafin jihadi. Amma ga Bahaushe kushewa kushewa ce, ko ta wane ne, kuma tona ta abin ƙyama ne. Wasu kuma suna tsoron kada girmama kaburburan mutanen da ya koma tsafi. Kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin jahilci. Tambaya ce ta haƙƙin mamaci, wadda gidajen tarihin Turai su ma suke fama da ita.

Akwai kuma ƙorafin mutanen karkara. Mutumin Dutsin-Ma ko Kurfi, ƙasar 'Yandaka da Maraɗi, yana da tsofaffin garuruwa irin su Karofi, da duwatsu da kufai waɗanda dattawa suka san labarinsu, amma in aka ce "kayan tarihi" sai hankali ya tafi birni. In an ɗauke abu daga ƙauyensu aka sa a akwatin gilashi, da bayani cikin Turanci, to, ya fita hannunsu sau biyu. Tun 2011 akwai jami'ar tarayya a Dutsin-Ma, kuma ɗalibanta na iya ɗaukar waɗannan labarai daga bakin dattawan, su rubuta bayanin kayan da Hausa, cikin boko da ajami.