Lissafin da Ke Nuna Inda Kai Zai Fito

Yau za mu leƙa cikin ƙwan ɗan mitsitsin ƙudan nan mai rububin nunannen mangwaro. Tsawon ƙwan rabin milimita ne kacal, amma a cikinsa ake tsayar da inda kai zai fito da inda wutsiya za ta zauna. To, yaya kowane sashe ke sanin matsayinsa?

Tun a 1952 masanin lissafi Alan Turing na Ingila ya nuna a takarda cewa sinadarai masu yaɗuwa na iya zana siffar jiki. A 1970 Francis Crick ya buga lissafi ya ce yaɗuwar za ta wadatar, muddin wurin bai wuce kimanin milimita ɗaya ba. Sai a 1988, a birnin Tubingen na Jamus, Wolfgang Driever da Christiane Nüsslein-Volhard suka ga irin wannan sinadari ƙuru-ƙuru a ƙwan ƙudan. Furotin ne mai suna Bicoid.

Uwar ƙuda ce ke ajiye saƙon haɗa shi a goshin ƙwai. Daga nan furotin ɗin yake bazuwa kamar hayaƙin turaren wuta, ya yi kauri kusa da kasko, ya yi ta sirancewa har ƙuryar ɗaki. Inda ya yi yawa, nan kai ke fitowa. Idan uwar ba ta ajiye saƙon ba, tsutsar kan fito babu kai babu ƙirji.

Abu uku lissafin ya dogara a kai: yawan da ake haɗawa, saurin yaɗuwa, da saurin lalacewa. Duk inda aka ci kashi ɗaya cikin biyar na tsawon ƙwan, yawan furotin ɗin kan koma kusan sulusi.

A ganina, nan ne lissafi ya yi rana, domin ya ba da adadin da za a iya ƙaryatawa. A 2007 Thomas Gregor da abokan aikinsa a Jami'ar Princeton ta Amurka suka auna saurin Bicoid, suka tarar yana tafiyar hawainiya, ba yadda zai isa inda ake ganinsa a ɗan lokacin da ƙwan ke da shi. Aka yi ta muhawara. Wasu suka ce saƙon uwar ma yana bazuwa. A 2010 wasu masanan suka sake awo da wata dabara, suka samu saurin ya ninka na farko kusan sau ashirin, wanda ya fi dacewa da abin da lissafin ya nema.