Garka a Cikin Ƙwarya: Tsiron Wake da Hatsi don Lafiyar Tsofaffi

Yau filin lafiya da noma zai yi bayani a kan tsiro, wato ƙwayar wake ko ta hatsi da aka jiƙa har ta fara fitar da kai. Abu ne da kowace uwargida za ta iya yi a ɗakinta, ba tare da ta sayi komai ba.

Duk wanda ya bi hanyar Yamai zuwa Filinge a lokacin ɗari ya ga albarkar kwarin Dallol Boso. Ruwa yana kusa a rijiyoyi. Akwai salati da shu da tumatir a garake, ga kuma kwambitar na Bonkuku da ya yi suna. Amma idan bazara ta kama, ganye yakan yi wuya, daga Tabla har cikin ƙasar Kurfai. Miya sai ta koma kuka da busasshiyar kuɓewa, yau da gobe. Kowa yana jin wannan lokaci a jikinsa, amma tsofaffi sun fi kowa ji.

Me ya sa tsoho ya fi wahala?

Idan mutum ya manyanta, haƙora sukan zube, tauna ta yi wuya. Marmarin abinci yakan ragu. Ciki ba ya narkar da abinci da sauri kamar da. Sai ka ga an ajiye wa tsohuwa tuwo ta ɗan taɓa ta ture. An dafa wake ta ce yana kumbura mata ciki. Daga nan sai ta koma ga fura mai ruwa-ruwa da goro. Ciki ya cika, amma jiki bai samu abin da zai riƙe shi ba. Sannu a hankali naman jiki ya zube, ƙafa ta yi rauni, jini ya yi ƙaranci. Mutanen gida su ce tsufa ne. Gaskiya akwai tsufa, amma sau da yawa akwai yunwa a ɓoye tare da shi.

Tun da tsoho kaɗan yake ci, to wannan kaɗan ɗin ya kamata ya zama mai laushi, mai kuma amfani. A nan ne tsiro yake da rana.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwaya

Kowane manomi ya san ƙwaya busasshiya tana da rai, barci kawai take yi. Idan ta sha ruwa sai ta farka. Tana farkawa sai ta fara narkar da garin da ke cikinta don ta ciyar da ɗan tsiron da zai fito. Wannan aiki yana amfanar mai ci ta hanyoyi huɗu.

Na farko, ƙwayar takan yi laushi. Tsiron wake ya fi busasshen wake saurin nuna, don haka ba ya cin icce da yawa, kuma ba ya buƙatar kanwa.

Na biyu, abin nan da ke sa wake ya kumbura ciki da iska yakan ragu, domin tsiron yana cinye shi.

Na uku, hatsi da wake suna ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Sai dai akwai wani abu a cikin ƙwayar da yake ɗaure shi, ya hana jiki ɗauka. Jiƙawa da tsirowa suna rage wannan ɗauri.

Na huɗu, busasshiyar ƙwaya kusan ba ta da bitamin C, amma idan ta tsira sai ya samu a cikinta. Shi ne bitamin ɗin da ake samu a lemun tsami da tumatir da ɗanyen ganye. Wanda ya daɗe bai same shi ba, dasashinsa yakan kumbura yana jini, haƙora su yi girgiɗi, miki ya ƙi warkewa. A shekarar 1917, lokacin yaƙin duniya na farko, masu bincike a Ingila suka tabbatar cewa tsiron wake yana kare mutum daga wannan ciwo. Suka ba da shawara a riƙa tsirar da wake don sojojin da ke nesa da kayan garka.

Yadda ake tsirar da wake

1. A zaɓi wake mai kyau, cikin kofin shayi biyu ko uku. A tsince tsakuwa da fasasshe da wanda ƙwaro ya huda.

2. A wanke shi da ruwa mai tsabta, irin wanda ake sha. A jiƙa shi a ƙwarya da dare, ya kwana a ruwa.

3. Da safe a zubar da ruwan, a ɗauraye, a tsane shi sosai. Waken da ya zauna cikin ruwa ruɓewa yake yi.

4. A baza shi a faifai ko kwando mai tsabta, kada a tara shi tuli. A rufe da ƙyalle wankakke mai laima.

5. A ajiye a inuwa inda iska ke shiga. Gindin randa wuri ne mai kyau saboda sanyinsa. A kiyaye kaji da ɓeraye.

6. A riƙa ɗauraye shi safe da maraice. Lokacin zafi a ƙara da tsakar rana.

7. Bayan kwana biyu ko uku, idan tsiron ya kai tsawon gaɓar yatsa, ya isa. A dafa shi a ranar.

Ana iya sa shi a miya, ko a dafa shi da shinkafa, ko a haɗa shi da zogale a cikin dambu. A dafa har ya yi laushi, yatsa ya iya murƙushe shi. Kada a sa kanwa, domin kanwa tana kashe bitamin. Kada kuma a zubar da ruwan dahuwar. Wuta tana rage wani abu daga bitamin C, saboda haka idan akwai lemun tsami a matsa kaɗan bayan an sauke. Ga wanda ba shi da haƙori, a dama waken da muciya ya zama fate.

Garin tsiro: sirrin kunu mai ƙarfi

Hatsi kuma hanyarsa dabam ce. Ana tsirar da shi ne don a yi gari. A ɗauki hatsin da ba a surfa ba, domin surfaffe ba ya tsira. A jiƙa shi ya kwana, a tsane, a rufe shi da ƙyalle mai laima kwana biyu, ana yayyafa ruwa. Idan ya tsira a shanya shi a rana har ya bushe ƙarau. A murza shi da hannu, saiwoyi da kan tsiron su kakkarye, a sheƙe. Sa'an nan a daka, a tankaɗe, a adana garin a gwangwani mai murfi. A yi kaɗan-kaɗan, abin da zai ƙare cikin ƴan makonni.

Ga amfaninsa. Idan uwargida za ta yi wa tsoho ko marar lafiya kunu, takan ƙara ruwa don ya shawu. Ruwa kuwa ba abinci ba ne. To, a maimakon haka ta dama kunun da kauri sosai, kamar za a yi tuwo mai laushi. Ta sauke, ya ɗan sha iska. Ta zuba ƙaramin cokali ɗaya na garin tsiro a kwano guda, ta motsa. Cikin ƴan mintoci kunun zai saki, ya tsinke, ba tare da an ƙara ruwa ko ɗigo ba. Zai kuma yi ɗan zaƙi. Sai ta mayar da shi wuta ya sake tafasa, sa'an nan a sha. Da haka kwano ɗaya ya ɗauki gari mai yawa, tsoho ya sha ya ƙoshi da gaske. Idan aka ƙara ƙuli-ƙuli dakakke ko nono, ya fi gina jiki. Wannan kunu yana da kyau kuma ga yaron da ya wuce wata 6, tare da nonon uwa.

Dabarar ba baƙuwa ba ce. A wasu garuruwan ƙasar Hausa masu kunun zaƙi suna sa tsiron shinkafa don kunu ya tsinke ya yi zaƙi. Wani zai ce ai da tsiro ake yin giya. Haka ne, amma giya ba ta samuwa sai an bar ruwan ya kwana yana tsami yana kumfa. Kunun da aka dama aka tafasa aka sha nan take, kunu ne kawai.

Hattara da abubuwa biyar

Rigakafi ya fi magani. Tsiro yana da amfani, yana kuma da haɗari ga wanda ya yi sakaci.

1. Irin shuka da aka cuɗa da magani guba ne. Sau da yawa yakan zo da launi ja ko kore. Kada a tsirar da shi don ci, ko da an wanke. Haka ma waken da aka barbaɗa wa maganin ƙwari a rumbu. Waken da aka adana a buhu mai ninki uku, ko a tano mai rufi ba tare da magani ba, shi ya dace.

2. Kada a ci tsiro ɗanye. Ɗumi da laimar da ƙwaya take so, su ne ƙwayoyin cuta suke so. A shekarar 2011 a ƙasar Jamus, mutane kusan 4,000 suka kamu da ciwon ciki mai tsanani, fiye da 50 suka mutu. Bincike ya gano cewa ɗanyen tsiron hulba ne sanadi. Tsofaffi da mata masu ciki da ƙananan yara su ne ciwon irin wannan ya fi kayarwa. Dahuwa ita ce kariya.

3. Tsiron dawa yana da dafi. Makiyaya sun san yadda gyauron dawa yake kashe dabba. Wannan dafi yana cikin kan tsiron da saiwarsa. Don haka ba a cin tsiron dawa kamar na wake. Wanda zai yi garin tsiro, ya yi da hatsi, ya fi kwanciyar hankali.

4. Idan tsiro ya yi yauƙi, ko wari, ko funfuna, a zubar. Kada a ba dabba ma.

5. Garin tsiro yana mayar da gari ya zama sukari. Mai ciwon sukari ya tambayi likita kafin ya sa shi a kununsa.

Sauran abincin tsoho

Tsiro cike gurbi yake yi, bai kore sauran abinci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla giram 400 na ganye da ƴaƴan itace a rana. Muna da zogale da rama da tafasa da yaɗiya, muna da magariya da goruba da ƴaƴan kuka. Lokacin da ganye yake da yawa a shanya shi a inuwa, a adana don bazara. Bishiyar zogale ɗaya a bayan ɗaki, tana shan ruwan alwala, ta isa ta gyara miyar gida.

Hukumar ta kuma ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya bai cika ba. Dunƙulen magi ma gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Yawan gishiri yana haddasa hawan jini, shi kuwa hawan jini yana kawo shanyewar ɓarin jiki. A rage su, a ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa. Tsoho ya riƙa zuwa gidan likita ana auna jininsa, ko da ba ya jin ciwo.

Shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. A bari a yi kamar awa ɗaya bayan cin abinci kafin a ɗora buta. Ruwa kuma a riƙa miƙa wa tsoho a kai a kai lokacin zafi, domin tsufa yana rage jin ƙishirwa. Kada a jira sai ya tambaya.

Ƙafa da hira

Abinci shi kaɗai ba ya riƙe tsoho. Jikin da ba ya motsi yakan sandare. Masana lafiya sun ce tsoho ya samu motsa jiki na minti 150 a mako, wato kamar rabin awa a rana, kwana biyar. Tafiya zuwa masallaci ko garka ko gidan ɗan uwa da sanyin safiya ta wadatar. Tashi daga kujera a koma a zauna, sau da yawa a jere, yana ƙarfafa cinya, yana rage faɗuwa. Wanda ƙafarsa ba ta da ƙarfi ya riƙe sanda ko ya dafa bango.

Wasu ƴaƴa, saboda tausayi, sukan hana iyayensu kowane aiki. Niyyar tana da kyau, amma zaman kawai yana gajiyar da zuciya. A bar tsoho ya yi saƙar tabarma, ya tuƙa igiya, ya ba awaki dusa. A ci abinci tare da shi, domin mai ci shi kaɗai ba ya ci da yawa. Aikin tsiro ma ya dace da kaka: ba nauyi, ba shiga rana, sai tsinta da ɗauraya da lura. Ita za ta koya wa jikoki, ita kuma za ta fara cin amfanin.

Jama'a, gani ya kori ji. Ku jarraba da kofi ɗaya na wake a wannan mako. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna, a majalisa da wurin suna da ajin yaƙi da jahilci. Abin da ya shige muku duhu ku tambayi malamin gona ko ma'aikacin lafiya na garinku.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya sa mu ma mu ga tsufa da ƙarfinmu.